Yadda ake sayen gida ko fili a bakin ruwa a Kaduna, da yadda ake sayar da shi ba tare da an cuci kowa ba

A watan Maris aka kai Goggona ganin gidan. Kogin Kaduna a lokacin ya janye ya koma can tsakiya, duwatsu sun fito fili, yara suna tsallakawa da ƙafa, masu lambu sun cika fadama da tumatir da alayyafo. Ɗaki 3 da falo, fenti sabo fil, ga iska mai sanyi tana tasowa daga kogi alhali cikin gari ana fama da zafin bazara. Dillali ya ce matsuwa ce ta sami mai gidan, shi ya sa ya karya farashi. Ta ɗauki kuɗin sallamarta na aikin koyarwa ta biya.

Cikin Satumba na wannan shekarar, wajen ƙarfe 2 na dare, ta buga mini waya. "Ɗana, ruwa ya kai mini gwiwa, ku zo ku fitar mini da yaran nan." Bayan kwana 3 muna kwashe laka da shebur, sai fentin falo ya fara ɓamɓarewa, ga tsohon layin ruwa nan a ƙarƙashinsa, miƙe sak, daidai ƙasan taga. Wanda ya sayar mata ya san komai. Fentin da ta gani ta yaba, don rufe wannan layin aka yi shi.

Ba na hana kowa zama kusa da ruwa. Akwai gidaje a kan tudu masu kallon kogin nan waɗanda ruwa bai taɓa taka ƙofarsu ba, kuma zama a cikinsu ni'ima ce. Abin da nake so mai saye ya riƙe shi ne, a cinikin bakin ruwa ana fara binciken ruwan, sannan takarda, sannan gini, kuɗi su zo a ƙarshe. Yawancin waɗanda suka yi kuka juya jerin suka yi.

Da farko, wane irin ruwa ne?

Iri 3 ne a wurinmu, kuma kowanne da halinsa. Akwai Kogin Kaduna kansa, wanda ya taso daga tsaunukan Filato ya ratsa garin. Shi hatsarinsa ba ruwan da aka yi a unguwarku ba ne. Ana iya kwana 2 ba a yi ko yayyafi a Kaduna ba, amma kogin ya tumbatsa saboda ruwan da aka tafka can sama. Akwai ƙananan rafuka da ke zuba a cikinsa, irin na Romi da na Rigasa da wanda ya ba Rafin Guza suna. Su da rani kamar kwata suke, amma idan babban kogi ya cika sai ya tokare musu baki, ruwansu ya rasa hanya ya dawo baya cikin gidaje. Gidan da ke nesa da kogi da kilomita guda yana iya nutsewa ta wannan hanyar. Na uku su ne madatsun ruwa: Kangimi a ƙaramar hukumar Igabi, Galma a Kubau, dam ɗin Shika a Zariya, Gurara a kudancin jihar. A nan masu hali kan nemi fili don gidan gona ko gidan hutu, kuma a nan ne aka fi sayar wa mutane ƙasar da gwamnati ta riga ta karɓa ta biya diyya tun lokacin gina dam.

Ka ga wurin sau biyu, ɗaya a tsakiyar damina

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi ne dillali zai fi matsa maka ka tsallake. Zai ce akwai wani Alhaji da zai kawo kuɗi gobe. Ka bar wa Alhajin. Filin bakin ruwa da aka gani da rani kawai, cinikin biri a sama ne.

Kogin Kaduna yakan kai ƙarshen cikarsa tsakanin Agusta da Satumba. A wannan tsakanin ka je, kuma ka zaɓi washegarin ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Ka ajiye mota ka taka da ƙafa tun daga bakin kwalta har ƙofar gidan. Sau da yawa gidan lafiya lau yake a kan ɗan tudunsa, amma hanyar shiga unguwar ce ke yankewa a wani kwalbati, sai mutum ya kwana 2 bai fita aiki ba, mai naƙuda ta rasa abin hawa. Gidan da hanyarsa ke nutsewa, shi ma gidan ambaliya ne.

Idan dole ta sa da rani za ka gani, ruwa yana barin sawu, sai dai a iya karanta shi. Kada ka dubi bangon gidan da ake sayarwa, an riga an shafe shi. Dubi katangar maƙwabta, da bayan masallacin unguwa, da turakun wutar lantarki, da ƙasan gada. Za ka ga layi mai launin ƙasa-ƙasa, miƙe kamar an ja da ma'auni. Ɗaga kai ka dubi rassan bishiyoyin bakin gaɓa: ledoji da tsummoki da busasshiyar ciyawa da suka maƙale a sama, ba iska ce ta kai su ba, nan ruwa ya kai. Dubi ƙofofin gidajen layin. In ka ga kowa ya gina ɗan dakali ko ya jera bulo 2 a bakin ƙofarsa sai an tsallaka ake shiga, unguwar ta ba ka amsa. Haka in ka ga tsofaffin gidaje sun zama kamar a rami saboda sababbi sun cike filayensu da jar ƙasa sun ɗaga, to ka sani ruwan da aka kora daga can, gidan da ya fi ƙasa zai nufa.

A cikin gidan kuma, buɗe kabad ɗin kicin na ƙasa ka shinshina. Warin rima ba ya ɓuya. Duba ƙasan ƙofofin katako ko sun kumbura, ƙasan ƙyauren ƙarfe ko tsatsa ta cinye shi, tayil ko ya ɗaga yana ƙara in an taka. Fentin da aka yi daga ƙasa zuwa ƙugu kawai, sama kuma tsoho, abin tambaya ne. Leƙa rijiya in akwai. Ruwan da ke kusa da baki har a watan Maris yana nufin da damina ƙasar gidan a jiƙe take sharkaf, kuma shadda za ta riƙa cika tana dawowa.

Wanda ke da kwamfuta ya buɗe Google Earth, akwai wurin da ake komawa tsofaffin hotunan sama na shekarun baya. Ka nemo filin ka riƙa ja da baya. Wani lokaci za ka tarar inda aka yanka fulotai yau, shekaru 15 da suka wuce fadamar shinkafa ce, ko ma tsohuwar hanyar rafi da aka cike da shara da ɓaraguzai.

Ka tambayi waɗanda ba su da la'ada a cinikin

Dillali yana da rabo, mai gida yana da rabo, wani lokaci har maƙwabcin da ke son a sayi na kusa da shi don nasa ya yi daraja. Ka nemi mai shayin bakin layi, da masu wanki a bakin kogi, da mai fito da kwalekwale, da manoman lambu. Su suka san ruwan shekara da shekaru. Kuma kada ka tambaya a dunƙule cewa ko ana ambaliya a nan, za a ce maka "sai dai abin da ba a rasa ba". Ka kama shekara. Mutanen Kaduna ba su manta ambaliyar 2003 da ta 2012 da ta 2015 ba, lokacin da ruwa ya shiga wurare irin su ƙarshen titin Kigo, da titin Bashama a Tudun Wada, da Rafin Guza, da sassan Unguwar Rimi da Kabala da Barnawa. Ka sami dattijo ka gaishe shi yadda ya kamata, ka ce, "Baba, don Allah a 2015 ina ruwa ya tsaya a layin nan?" Na taɓa yi wa wani tsoho mai lambu wannan tambayar, bai ce komai ba, ya kama hannuna ya kai ni gindin wani mangwaro ya dafa wani wuri sama da kafaɗata. Filin da aka kawo ni gani yana ƙasa da mangwaron.

Daga nan ka je gaisuwa wurin mai unguwa. Ka tambaye shi tarihin filin: na wa ne asali, hannu nawa ya bi, akwai rigima a kai ko babu, akwai burtali ko mashayar dabbobi ko hanyar da jama'a ke bi zuwa kogi ta cikinsa. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. In ka katange hanyar da mata ke bi ɗibar ruwa ko makiyaya ke kai shanu tun kaka da kakanni, ka sayi fitinar da takarda ba za ta kashe ba. A wajen gari, musamman kewayen madatsun ruwa, ka tambayi halin tsaro dalla-dalla, kuma ka tambayi mutum fiye da ɗaya.

Hukumar NIHSA mai lura da ruwayen ƙasar nan tana fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina, hukumar hasashen yanayi ta NiMet kuma tana fitar da na ruwan sama. Suna da amfani, amma ba layinku suke ambata ba. Ba za su maye gurbin tsohon nan mai lambu ba.

Gaɓa da ƙasa

Ambaliya tana zuwa ta tafi, zaizaya kuwa tafiya take da filin gaba ɗaya. Ka tsaya ka dubi yadda kogin ya yi kwana a wurin. Ruwa yana da ƙarfi ta bayan kwana, can yake cin gaɓa, ya bar ta a tsaye kamar an yanka da wuƙa, saiwoyin bishiya a waje. Ta cikin kwana kuma yashi yake tarawa, gaɓar ta kwanta. Filin da ke bayan kwana yana raguwa duk shekara ko da yana kan tudu. Ka auna daga katanga zuwa bakin gaɓa, ka tambayi maƙwabta inda gaɓar take shekaru 10 da suka wuce. Ka kuma lura ko ana haƙar yashi kusa, domin inda tifa ke ɗiba kullum, gindin gaɓa yana zurfi, ta riƙa zubewa.

Sai ƙasar kanta. Jar ƙasa mai marmara tana riƙe gini. Baƙar laka ta fadama kuwa tana kumbura da damina ta tsage da rani, ita ce ke sa bango ya yi tsaga daga kusurwar taga zuwa ƙasa. In fili ne, ka nemi izini a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya da rabi a wuri 2, a bar shi ya kwana. Da safe ka ga abin da ya taru a ciki, ka ga kuma abin da aka fito da shi: ƙasa ce ta asali ko ledoji da ɓaraguzai. In gida ne ginanne, ka biya injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi, ya duba harsashi da tsagogin bango. Shi zai gaya maka ko wurin yana buƙatar harsashin da ake shimfiɗa rodi da kankare a ƙarƙashin ginin gaba ɗaya, wanda zai iya cinye duk arahar da ka samu a filin.

Takardu

Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke riƙewa haƙƙin zama ne, galibi na shekara 99, wanda takardar C of O ke shaidawa. Dokar ta ce ba a miƙa wannan haƙƙin ga wani sai da amincewar gwamna, kuma gwamnati tana iya karɓe shi don amfanin jama'a. A Kaduna duk harkar nan tana hannun KADGIS, hukumar da aka kafa a 2015, ofishinta yana titin Ali Akilu.

Ga yadda za ka bi. Ka karɓi kwafin takardar mai sayarwa, ka ba lauyanka, naka na kanka ba wanda dillali ya kawo ba, ya nemi binciken fayil a KADGIS. Binciken zai nuna sunan wanda ke kan fayil, ko an jinginar da gidan a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa, ko an soke takardar. In tsohuwar takarda ce, irin masu lambar NC tun zamanin Jihar Arewa ta Tsakiya, ka tambaya ko an sabunta ta a KADGIS. Sannan ka ɗauki safiyo mai rajista ya je filin da na'urarsa ya ɗauki lambobin kusurwoyi 4, a gwada su da abin da ke cikin takarda da taswirar hukuma. A bakin ruwa wannan ba ƙawa ba ce. Ana nuna wa mutum takarda ta gaskiya ta fulotin da ke kan tudu, a kai shi wani fulotin a gangare. Wani kuma takardarsa ta ce ƙafa 50 da 100, amma kogi ya riga ya cinye ƙafa 20.

Takardar mai unguwa ko ta hakimi shaida ce cewa an yi ciniki a gaban mutane, tana da amfaninta, amma ba ta hana rusau. Da yawa daga filayen bakin kogi ita kaɗai gare su, kuma dalilin shi ne wurin ba ya cikin abin da hukuma za ta ba wa takarda. Don haka kafin ka biya, ka kai lambobin safiyo KADGIS ka tambaya kai tsaye: in na saya, za a ba ni C of O a nan? Ka kuma je KASUPDA, masu ba da izinin gini, ka tambayi tazarar da suka wajabta tsakanin gini da bakin wannan ruwan, domin ta babban kogi daban, ta rafi daban. In gida ne ginanne, a nuna maka izinin gininsa. Ka zaga bayan katanga ka duba ko an taɓa shafa mata jan fenti an goge.

Akwai kuma hannun gwamnatin tarayya da mutane da yawa ba su sani ba. Dokar 1997 ta NIWA, hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, ta lissafa Kogin Kaduna cikin hanyoyin ruwan tarayya, ta kuma ba hukumar iko a kan mita 100 daga bakin irin waɗannan koguna. A Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta tabbatar da ikon tarayya a kan hanyoyin ruwa na cikin ƙasa a shari'ar da aka yi da Jihar Legas. Duk filin da ya faɗa cikin wannan tazarar, ka sa lauyanka ya bi maka wannan ɓangaren ma. A bakin dam kuma, ka nemi hukumar da ke kula da dam ɗin ta nuna maka iyakar ƙasarta da inda ruwa ke kaiwa in ya cika maƙil. Wanda ke ƙasa da dam ya tambayi ta ina ruwa ke bi in ya yi yawa aka sake shi.

In gidan gado ne, kada ka yarda da "ni ne babba, na isa". Ka ga takardar rabon gado ta kotu, ko dukkan magada su sa hannu, mata da maza, har da wadda ke aure a wani gari. In ba a raba ba kuma ɗaya yana sayar da kasonsa, ka tuna a fiƙihun Malikiyya sauran abokan tarayya suna da haƙƙin shuf'a, wato su mayar maka da kuɗinka su karɓi kason. Wanda ya zo da takardar wakilci, a kira mai gidan na ainihi a ji daga bakinsa.

Ciniki da biya

Duk abin da ka gano a sama, kuɗi ne, ka sa shi a lissafi kafin ka taya. Cikon ƙasa tifa nawa, ɗaga harsashi, katangar tare gaɓa, gyaran magudana, ragar sauro a kowace taga. Ka tara su ka cire daga abin da irin wannan gidan ke yi a kan tudu a unguwar. In babban ciniki ne, ka biya ƙwararren mai ƙiyasta kadara ya rubuta maka ƙima. Ka kuma tuna ranar da kai ma za ka sayar: gidan da aka san ruwa na shiga yana daɗewa a kasuwa, ɗan haya ma yakan tashi bayan damina ɗaya.

La'adar dillali a yi maganarta tun kafin a shiga ciniki. Abin da aka saba ji shi ne kashi 5 cikin 100, amma ana daidaitawa, kuma a fayyace dillalai nawa ne a layin don kada ranar biya mutum 6 su bayyana. In za ka ba da kafin alƙalami, a rubuta cewa za a dawo maka da shi in binciken KADGIS ya nuna matsala. Biya ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan takarda, ba na ɗa ko ƙane ko dillali ba. Lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, shaidu su sa hannu, ka karɓi asalin takardu a zaman da ka biya cikon kuɗi. Ni ina ba da shawarar a ƙara layi ɗaya a yarjejeniya, inda mai sayarwa zai faɗi ko ruwa ya taɓa shiga gidan, a wace shekara, ya kai ina. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. Wanda ya fara kame-kame a kan wannan layin, ka ɗauki hularka.

Bayan biya kada ka kai takardu ƙarƙashin katifa ka kwanta. Ka nemi amincewar gwamna ta hannun KADGIS, ka biya kuɗin hatimi da na rajista, sunanka ya hau fayil. Har sai an yi haka, a idon hukuma gidan na wanda ya sayar maka ne, kuma marar tsoron Allah yana iya sake sayar da shi.

In ka tare

Mai sabon gini ya ɗaga daɓen gidan sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa mafi tsawo, da aƙalla rabin mita. Soket da mita da akwatin wuta a kai su sama, janareta a gina masa dakali. Shadda ta yi nesa da rijiya ko burtsatse da aƙalla mita 15, in fili ya ba da dama a ƙara, kuma a ɗaga bakin rijiyar a rufe shi. A bututun da ke fitar da ruwan gida a sa bawul mai hana ruwa dawowa, don sau da yawa ta makwararar banɗaki ambaliya ke fara shigowa. Gaɓa kuma kada a sare bishiyoyinta don a ga ruwa da kyau. A ƙara dasa jema da gora, saiwarsu tana riƙe ƙasa, in wurin ya fara zubewa a jera kwandunan waya cike da duwatsu. Ka tambayi kamfanin inshora ko na takaful, wato inshorar Musulunci, ko tsarinsu na gobara ya haɗa da ambaliya, a nuna maka a rubuce. Yara kuma a hana su wanka a ruwan da ba ya gudu saboda tsargiya, a kuma yi ƙofa mai kulle ta ɓangaren kogi.

Ga mai sayarwa

Ka fara da gyara takardunka tun kafin ka kira dillali: biya bashin harajin ƙasa, sabunta tsohuwar takarda, nemo izinin gini, in gado ne a gama rabo. Gida mai tsabtar takarda yana saurin tafiya kuma ba a taya shi da wulaƙanci. Ka zaɓi dillali ɗaya ko biyu ka gaya musu farashi ɗaya. Gidan da ke hannun dillalai 10 kowa da kuɗin da yake faɗa, masu saye tsoronsa suke ji.

In gidanka ruwa bai taɓa shiga ba, damina ce kasuwarka. Ka ɗauki hotuna da bidiyo a Agusta da Satumba masu nuna kwanan wata, ranar da kogi ya cika, a ga tsakar gida a bushe, a ga hanya mota tana wucewa. Ka gayyaci mai saye ya zo a lokacin ya gani da idonsa. Wannan shaidar ta fi duk wani zaƙin bakin dillali, kuma tana ƙara wa gidan kuɗi.

In kuwa yana shiga, ka faɗa. Na san abin da nake nema a wurinka ba ƙarami ba ne, domin farashi zai sauka, wataƙila kai ma haka aka yi maka. Amma ɓoye aibin kaya haramun ne, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu, kuma a shari'a mai saye yana da damar mayar da abin da aka ɓoye masa aibinsa. Ban da haka, wanda za ka sayar wa zai kwanta a ɗakin nan da 'ya'yansa cikin Satumba. Akwai masu saye da za su karɓa da saninsu: mai son yin lambu ko kiwon kifi, mai gidan bulo, ko mai ƙarfin da zai rushe ya cike ya ɗaga. Su za ka nema. Ka yi gyara na gaskiya in za ka iya, ka yashe magudana, ka toshe inda ruwa ke ɓullowa, amma kada ka shafe layin ruwan da fenti sai mai saye ya gan shi.

Goggona haka ta yi bayan shekara 2. Ta kai mai sayen falo da kanta ta nuna masa ƙasan taga, ta ce, "Alhaji, nan yake kaiwa, in ka ji kwaɗi sun yi yawa a bayan katanga cikin dare, ka fara ɗaga kaya." Ya rage kuɗi sosai, ta karɓa, ta koma haya a Unguwar Sanusi. Ranar miƙa makulli ta haɗa masa da asalin takardu, da rasiɗan harajin ƙasa, da lambar wayar mai kwalekwalen da ya fitar da jikokinta a daren nan.